Kati Mai Giɓi Biyu

Ka gan ta. Kada ka ce mini ba ka gan ta ba. Duk ranar da ka je ƙaramin asibitin unguwa karɓar maganin mura, ka tsaya a tagar ɗakin magani, kwamfutar tana nan a kan tebur, bayan kafaɗar matar da ke ƙirga maka ƙwayoyi, an lulluɓe ta da tawul kamar mai zazzaɓi. Wata bakwai tana haka. Ka kalle ta, ka kalli tawul ɗin, ka mayar da ido kan wayarka, ka karɓi maganinka ka kama gabanka. Ba ka tambaya ba. To zauna ka ji amsar tambayar da ba ka yi ba.

Matar nan Mai Magani ake ce mata, shekararta goma sha ɗaya a wannan taga. A ƙarƙashin teburinta akwai ɗan firiji, a ciki ake ajiye allurar ciwon suga ta mutum talatin da ɗaya da ke zuwa karɓa kowane wata. Ranar Litinin ɗin da labarin nan ya soma, kwalba tara ce ta rage.

Ƙa'ida ita ce duk bayan wata biyu a aika odar magani zuwa babban sito ta wata manhaja da ke kan wannan kwamfuta, don ita kaɗai sito ke ganewa. Da kwamfutar ta daina hawa intanet sai aka nemo dabara, kamar yadda muke nemo dabarar komai ban da gyara. Akwai wani mutumin kirki a sito. Mai Magani takan kira shi a waya ta karanta masa abin da take so, shi kuma ya cike a madadinsu. Kowa ya ce madalla, aka nemo tawul.

Ranar Litinin ta kira kamar kullum, sai wata sabuwar murya ta ɗauka.

"Malamin da ke karɓar oda nake nema."

"Ya yi ritaya. Ni ne yanzu."

"To Allah ya taya riƙo. Ɗauki biro. Allurar suga, kwalba..."

"Dakata, Malama. Biron me? Ki turo ta manhaja."

"Kwamfutarmu ba ta hawa intanet."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

Ta ji ƙarar danne-danne. "Ikon Allah. A nan kuwa kuna cikin asibitoci uku da suka fi kowa turowa a kan lokaci. Har takardar yabo an buga muku. To, ana rufewa ranar Alhamis ƙarfe sha biyu na rana. Wanda bai turo ba sai motar bayan wata biyu."

Ta ajiye waya, ta yaye tawul. Kwamfutar kyauta ce daga wani shirin tallafi da ya tashi shekara uku da suka wuce. Masu shirin sun ƙaunaci marasa lafiya, amma ba su yarda da ma'aikata ba ko ƙwayar zarra. Sun toshe duk ramukan gefenta da gam don kada wani ya soka filashi ya kwafi fim. Sun ɗaure ta da sarƙa a ƙafar tebur. Siririya ce, irin wadda ba ta da wurin soka igiyar intanet. A ƙasanta kuma, daidai kan notin da ke riƙe murfi, sun manna hatimi mai sheƙi da aka rubuta: kada a buɗe sai da izinin Injiniyan Shiri. Ita kuwa 'yar akwatin intanet ta asibitin lafiyarta ƙalau. Wayar kowa tana kai, daga mai gadi har masu jinya, ana ta kallon bidiyo ana dariya.

Mai Magani ta nufi ofishin Oga, shugaban asibitin. Mutum ne mai sanyin hali wanda bai taɓa ce wa kowa a'a ba, bai kuma taɓa ce wa kowa to ba.

"Yallaɓai, katin waifai da ke haɗa kwamfutar da intanet ne ya mutu. Tun watan da abin ya faru mai kawo mana intanet ya faɗa. Sai an buɗe an sa wani."

Oga ya ajiye kofin shayinsa. "A buɗe? Kin karanta abin da ke jikin hatimin?"

"Na karanta. Injiniyan Shiri."

"To a rubuta masa."

"Yallaɓai, ofishinsu fa yanzu shagon labule ne."

"A rubuta a ajiye a fayil. In ya dawo ya ga mun bi ƙa'ida."

"Kwalba tara ta rage."

"Malama, ni ban hana ki gyara ba. Ki gyara abinki. Kada dai a taɓa hatimi, kada a kwance sarƙa. A bar kaza cikin gashinta."

Ranar Talata da safe Gwaggo ta zo. Ƙanwar mahaifin Mai Magani ce, ita ta goya ta, kuma tana cikin mutum talatin da ɗayan nan. Ta miƙo katinta na asibiti ta taga, Mai Magani ta miƙa mata kwalba ɗaya.

"Ke, ina 'yar'uwarta? Biyu kike ba ni."

"Ki fara da wannan, Gwaggo. Ki dawo ranar Alhamis."

"Da ƙafar wa? Kin san matakalar gidana. Ko kin fara sayarwa ne a bayan fage, irin na sauran?"

"Gwaggo, mutane na ji."

"Su ji mana. Ni na wanke miki kashi, ba za ki yi mini rowar allura ba." Ta leƙo kai ta taga ta rage murya. "Ya ƙare ne?"

"Bai ƙare ba."

"Kina ƙarya kina kallon ƙasa, tun kina 'yar shekara huɗu haka kike." Ta ɗaure kwalbar a bakin zane ta tafi tana ɗingishi.

Da rana Mai Magani ta hau bas zuwa kasuwar 'yan kwamfuta, bene mai hawa uku da lunguna masu warin ƙonannen roba. A ƙarshen wani lungu aka nuna mata wani dattijo da ake kira Baba Tabarau, don tabarau biyu yake sawa, ɗaya a ido, ɗaya a goshi yana jiran nasa lokaci.

"Baba, katin waifai nake nema."

"Na wace kwamfuta?"

Ta nuna masa hoto a waya: kwamfutar a rufe, baƙa, ga gefen tawul.

Ya sauke tabaran goshi ya ɗora a kan na ido. "'Yata, kin kawo mini hoton ƙofar gida kina tambayata girman gadon da ke ɗaka."

Ya jawo wani gwangwanin biskit ya zazzage a kan tebur. Katuna ne birjik, kowanne bai wuce girman ɗan yatsa biyu ba, da jerin haƙora masu ruwan zinari a baki.

"Kin ga wannan faffaɗan, tsohon yayi ne. Wannan siriri. Dubi haƙoransu: wannan giɓi ɗaya, wannan giɓi biyu. Irin kwamfutarku rami iri uku aka yi mata, gwargwadon shekarar da aka haife ta. In kika sayi wanda ba shi ba, ko da guduma ba zai shiga ba. Sai an buɗe an gani."

"Ba a buɗewa. Akwai hatimi."

"To ga mai sauƙi. Wannan a gefe ake soka shi, kamar filashi."

"An toshe ramukan da gam."

"To ki kawo mini ita nan."

"An ɗaure ta da sarƙa."

Baba Tabarau ya dube ta ta saman tabaran biyu. "Me ta yi muku?"

Ta ba shi labarin firiji da ranar Alhamis. Ya laluba aljihun tebur ya ciro wata 'yar sukundireba siririya ya tura mata.

"Riƙe wannan. Ban ce ki buɗe komai ba. Wasu ma kunne suke sosawa da ita."

Ranar Laraba da safe kwalba shida ta rage. Mai Magani ta ƙirga, ta rufe firiji, ta sake buɗewa ta ƙirga, ko wata ta haihu. Daga nan ta kifa kwamfutar a kan tawul iyakar inda sarƙa ta bari, taga a buɗe, mutane na layi suna kallo. Ta sa farcen babban yatsa ta tsaga hatimin gida biyu. Ta lura cewa ƙarƙashin hatimin akwai busasshen gam mai ruwan ƙwai, irin wanda ake liƙe ambulan da shi a ofis. Ta kwance noti takwas ta jera su a murfin kwalbar magani, ta ɗaga murfin.

Ga ramin kati nan, giɓi biyu, tsaf. Babu komai a ciki. Wayoyi biyu sirara kamar zare, baƙa da fara, waɗanda ya kamata su kama katin, an kwantar da su gefe an liƙe da filastar ɗaure ciwo. An yanka filastar daidai wa daida, aikin mai natsuwa.

Ashe katin bai mutu ba. Tafiya ya yi.

Mutum biyar ne ke da mabuɗin ɗakin nan. Ta fara jera su a zuciya, sai ta dubi agogo ta bari. Ta ɗauki hoton ramin, ta roƙi wata mai jinya ta tsare taga, ta koma kasuwa.

"Yawwa, yanzu kika zo da magana," in ji Baba Tabarau. "Giɓi biyu, siriri. Ina tsohon?"

"Babu tsoho."

"Af." Bai ƙara tambaya ba. Ya ciro sabo fil a leda, ta biya. Ya koya mata: a karkace ake tura shi, sannan a kwantar, a ɗaure da noti ɗaya. Baƙar waya a kan maɓallin da ke da baƙar alama, fara a kan fara. "Ki danna a hankali har ki ji ƙas. Ba faɗa kuke yi ba."

Kafin la'asar ta gama. Ta kunna. Kwamfutar ta yi haske, ta rubuta layi ɗaya fari a kan baƙi, ta tsaya cik. Mai Magani ta kira Baba ta karanta masa.

"Wai ba ta san wannan katin ba, a cire shi kafin ta tashi."

"Kash! Mai zaɓe ce. Akwai irinsu, tun daga kamfani ake ba su jerin katunan da za su yarda da su. Wanda ba ya cikin jerin, ko ya fi nata kyau, ba za ta kalle shi ba. Ni ma na yi sakaci da ban tambaye ki ba. Duba cikin murfin, akwai 'yar farar takarda mai lambobi. Ki ɗauko hotonta. Yau na riga na rufe, zan kai matata wurin likitan ido. Gobe ƙarfe tara."

Tana ajiye waya sai ga Oga a bakin ƙofa. Ya dubi kwamfutar a kife, hanjinta a waje.

"Malama, me nake gani?"

"Yallaɓai, da na buɗe na tarar babu kati a ciki. Tun farko ba mutuwa ya yi ba, cire shi aka yi. Ga filastarmu nan."

"Ban tambaye ki abin da babu ba. Ina hatimi?"

Ta nuna masa ɓari biyun. Ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙa masa gawar jinjiri, ya sa a ambulan, ya fita.

Ranar Alhamis ƙarfe tara saura tana tsaye a ƙofar shagon. Baba Tabarau bai iso ba sai tara da arba'in, bas ɗinsu ta yi faci. Ya zazzage gwangwanin biskit, ya ɗora tabarau a kan tabarau, ya shiga ɗaukar katuna ɗaya bayan ɗaya yana gwada lambar jikinsu da ta hoton. Yana yi yana ba ta labarin idon matarsa. Ita kuwa idonta na kan agogon bango, wanda daga baya ta gane ya tsaya tun bara.

A kati na ashirin da wani abu ya ce, "Ga ɗan gida." Tsoho ne, gefensa ya ɗan koɗe. "Shi kaɗai ne. In kika karya shi, sai dai ku yi wa marasa lafiyarku addu'a." Ya karɓi sabon, ta cika ɗan abin da ya ce, ta sauko benen da gudu, abin da ba ta yi ba tun tana makaranta.

Sha ɗaya da kwata ta iso. Gwaggo na zaune a cikin ɗakin magani, inda aka hana kowa shiga, ta miƙe ƙafa a kan kwali.

"Kin ce Alhamis, ga Alhamis."

"Gwaggo, riƙe mini wayar nan ki haska nan. Kada ki girgiza."

"Ni zan girgiza? Shekara arba'in ina zura zare a allura."

Mai Magani ta tura katin a karkace, ya shige kamar an kira sunansa. Ta ɗaure noti. Baƙar waya ta yi ƙas. Farar ta zame. Ta sake, ta zame.

"Ke, wannan ɗigon fa?" in ji Gwaggo, ta matso da fitilar wayar. "Kamar jan farce. Ga shi a jikin abin da kika sayo, ga irinsa a wancan, ga shi can ma."

Mai Magani ta duba. A jikin kowane abu da ke cikin kwamfutar akwai ɗigon fenti shuɗi-shuɗi mai ja, alamar da masu shirin suka yi wa kayansu don kada a musanya. A kusurwar katin da ta sayo akwai ɗigon, girmansa ɗaya da sauran.

"Namu ne," ta ce.

"Naku ne kuma kika saya?"

"Haska, Gwaggo."

Farar waya ta yi ƙas a karo na huɗu. Ba ta tsaya mayar da murfi ba. Ta juya kwamfutar ta kunna. Babu farin layi. Allon ya buɗe, ga alamar waifai a ƙasa tana lalube. Ta leƙa taga ta tambayi lambar sirrin intanet, mutum huɗu suka amsa a tare, har da wani mai ciwon haƙori da ke kan layi. Manhajar ta ɗauki minti shida tana gaishe da kanta. Mai Magani ta cike: allurar suga, kwalba saba'in. Ta danna. Ƙarfe sha biyu saura minti takwas saƙo ya fito cewa an karɓa, ana kuma taya asibitin murnar ci gaba da turowa a kan lokaci.

Ta buɗe firiji ta ba Gwaggo kwalba ta biyu. Gwaggo ta juya ta a hannu ta ce, "Da tun ranar Talata kika ba ni, da duk ba a sha wannan wahala ba."

Da yamma ta kira Baba Tabarau. "Baba, wa ya sayar maka da katin nan?"

"'Yata, rabin abin da ke cikin gwangwanin nan daga ofisoshi ya fito. Wani ya kawo mini da safe, wani daga ofis ɗin ya zo nema da yamma. Fuska kuwa, ni lambobi nake gani da kyau, ba mutane ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba?"

"Ba a taɓa tambayata ba. Ke ce ta farko. Sukundirebata fa?"

Motar sito ta zo ranar Talatar da ta biyo, da kwalba saba'in cif cikin akwatin ƙanƙara. Mai Magani na jera su a firiji aka kawo mata ambulan daga ofishin Oga. Takardar neman bahasi ce. Ana so ta bayyana dalilin da ya sa ba za a dakatar da ita daga aiki ba, bisa laifin lalata hatimin kayan hukuma da gangan, a gaban jama'a, a lokacin aiki. Ta karanta har ƙasa tana neman inda aka ambaci katin. Babu. A wurin fayil, ba a taɓa buɗe kwamfutar nan ba sai ranar Laraba, domin wanda ya riga ta buɗewa mutum ne mai ladabi: ya ɗaga hatimi a hankali, ya ɗauki abin da ya zo ɗauka, ya mayar ya liƙe.

Ta ninke takardar, ta sa a aljihu, ta kira na gaba a layi.

Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Litinin ƙarfe goma na safe a ɗakin taron asibitin. Mutum biyar ne a kwamitin, uku daga cikinsu suna da mabuɗin ɗakin magani. Dokarsu ta ce duk mai amfani da asibitin yana da damar shiga ya yi magana, kuma tun da aka rubuta dokar ba a taɓa samun wanda ya shiga ba. Kana da uwa ko kawu ko maƙwabci da ke sa allurar nan a cinya kowace safiya. Kada ka aiko da addu'a, kada ka rubuta "Allah ya kyauta" a waya. Ka ɗauki izinin awa ɗaya a wurin aikinka, ka zo da ƙafarka, ka ɗaga hannu, ka tambaye su a ina katin ya yi wata bakwai. In suka ce ba shi ne a kan ajanda ba, kada ka zauna. Ka sake tambaya.